Amsa: Sarauniya Mangu tarihi ce ko tatsuniya?

Ɗan uwa, ka tambaya ko Sarauniya Mangu da tsofaffinmu na Arewa ke ba da labari ta taɓa rayuwa, ko kuwa tatsuniyar dare ce kawai. Ta rayu. Ita ce shugabar Azna (masu bin addinin gargajiya) na garin Lugu, kusa da Dogon Dutse a ƙasar Nijar ta yau. A watan Afrilun 1899 rundunar Faransa ta hafsoshin soja biyu, Voulet da Chanoine, wadda ta zo tana ƙona garuruwa tana kashe mutane, ta iso Lugu. Garuruwa da yawa sun miƙa wuya ko sun watse, ita ta tsaya da maharbanta, baka da kibiya a gaban bindiga.

Sai dai kada ka rubuta cewa ta kore su, kamar yadda wasu ke yi a Facebook. Turawan sun ci garin, ita da jama'arta suka ja cikin kurmi, inda shiga ya yi wa Turawan wuya. Bayan wata uku sojojin Voulet da Chanoine suka juya suka kashe waɗannan shugabannin nasu biyu, shi ya sa mutane ke cewa asirinta ne ya bi su. Kakata a Kangiwa, in ta zo nan a labarin, sai ta sassauta murya kamar wani na saurare a bayan danga. Kuma ka lura, "Sarauniya" sarauta ce da ake gada a Lugu, ba sunanta na yanka ba.