Sai na ga The Room kafin in kalli The Disaster Artist?

Kana tambaya ko dole ne ka fara ganin The Room tukuna. A'a, ba dole ba ne. The Disaster Artist, fim ɗin James Franco na 2017, cikakken labari ne da kansa: abotar 'yan fim Tommy Wiseau da Greg Sestero, da yadda suka shirya The Room, fim na 2003 da aka ce an kashe masa kusan dala miliyan 6, amma ya fito a lalace har ya zama abin dariya.

Sai dai in ba ka taɓa ganin Tommy na gaske ba, za ka ɗauka Franco, wanda ya fito a matsayin Tommy, ƙarin gishiri yake yi a muryarsa da dariyarsa. Wani abokina da muka kalla tare haka ya yi ta faɗa, sai a ƙarshe da aka jera fitowar asali da ta kwaikwayo gefe da gefe ya yarda. Don haka ka nemi 'yan guntayen The Room a YouTube, musamman na kan rufin bene. Cikakkensa kuwa akwai wuraren batsa masu tsawo, kada ka kunna gaban yara.