Asalin 'yan hagu da 'yan dama a siyasa

Malam, ka tambayi me ya haɗa siyasa da hagu da dama. Wurin zama ne kawai, a Faransa, shekarar 1789.

Lokacin jama'a kashi uku ce: malaman coci, masu sarauta, sai talakawa da 'yan kasuwa, waɗanda yawancin haraji ke wuyansu. Ga baitulmali ya bushe, ga burodi ya yi tsadar da lebura ke zubar da fiye da rabin ladansa wajen sayensa. Tura ta kai bango, aka fasa kurkukun Bastil ranar 14 ga Yuli. Fursunoni bakwai kacal aka tarar, abin dariya.

Da majalisa ta zo muhawara kan ko Sarki Luwi na 16 zai iya hana doka wucewa, magoya bayansa suka zauna dama da shugaban zaman, masu son a rage masa iko suka koma hagu. Sunan ya bi su har yau.