Amsa ga ɗan uwanmu na Marwa da disk ɗinsa ke neman a yi masa format

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kace kana kwafar hotunan aikinka a disk na waje mai tera 1 aka ɗauke wuta, da ta dawo Windows yace sai ka yi format kafin ka buɗe shi. Toh don Allah kar ka danna eh, ka cire shi ka ajiye tukuna. Ni gyaran kwamfuta nake a nan Garwa, kuma yawancin disk ɗin da na kasa ceto wani ne ya riga ni taɓa su da sunan gyara.

Kaga abin da ya faru kamar sito ne cike da buhuna amma littafin rajista ya yage, kaya na nan sai dai ba wanda ya san me ke ina. A NTFS, wato tsarin da Windows ke jera fayiloli da shi, littafin nan shi ne MFT, in shi ko farkon fatishan (yankin disk da aka ware wa fayiloli) ya lalace sai disk ya koma RAW, wato Windows ba ya gane tsarinsa. Duk abin da ka rubuta a kansa yanzu, ko da ƙaramar manhaja ce ka sauke don ceto, zai iya hawa kan hotunanka, in ya hau kuwa shikenan. Ita ma chkdsk, manhajar gyaran disk ta Windows, da wasu ke ta baka shawara, ni ban yarda ba, rubutu take yi a kan disk, wani lokaci ta tattara maka gutsi-gutsi a folda found.000 ta bar ka da kuka.

Fara saurarensa da kunne. In yana ƙas ƙas ƙas ko yana tashi yana mutuwa, ciwon na ƙarfe ne, manhaja ba za ta yi komai ba, kashe shi kawai. Kuma batun saka shi a firij ka manta, raɓa ce zata ƙarasa shi. In yana juyawa lafiya ka canza kebul tukuna, wallahi kebul ɗin kasuwa ya sha sa mutane zufa a banza, sannan ka duba shi da CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar disk, in ta nuna ruwan ɗorawa to disk ɗin yana kan hanyar mutuwa.

Ni yadda nake yi, sai na samu wani disk da ya kai shi girma ko ya fi, in kwafe shi gaba ɗaya da manhajar ddrescue a Linux, don ita in ta iske wuri mai ciwo tsallakewa take ta dawo daga baya, sai in yi aiki a kan kwafin. Daga nan TestDisk, manhajar ceto fatishan, kyauta ce. NTFS na ajiye kwafin sektan but, wato farkon fatishan ɗin nan, a can ƙarshen fatishan, TestDisk na iya maido shi, amma kafin ka kai nan danna P ka gani, in foldojinka suka fito da sunayensu to kwashe su zuwa wani disk nan take, gyara ya biyo baya.

In ta gagara sai PhotoRec, tare suke zuwa. Ita ba ruwanta da rajista, bin disk take tana gane fayil da alamar da ke farkonsa, amma fa suna ya tafi. Wani mai hoton biki da na yi wa haka, komai ya fito a recup_dir.1, recup_dir.2 har gaba, lambobi zalla, hoton amarya kusa da katin ɗan ƙasa kusa da hoton wani bikin suna na shekarun baya, shi da yaronsa suka zauna suna rarrabewa da ido. Manyan bidiyo su suka fi fitowa a karye.

Da SSD ne (disk mara faranti) na cikin kwamfuta da maganar ta canza saboda TRIM, umarnin da ke sa shi share abin da aka goge, amma naka mai faranti ne da alama. Faɗa min ko yana ƙara, da kuma ko wani ya riga ya taɓa shi.