Filin Tambaya da Amsa: Ƙasar da aka haƙi kwal tana sake rayuwa kuwa?

TAMBAYA: Salam Malam, sannu da ƙoƙari. Wani bidiyo na gani an nuno wajen da aka gama haƙar kwal, da can ƙaton rami ne baƙi ƙirin, wai bayan shekara biyu sai gashi kore shar kamar ba a taɓa shi ba. Ni dai abin bai kwanta min ba. Da gaske ƙasa na warkewa da wuri haka ko kwalliya ce kawai? Daga wata ɗaliba mai karantar aikin gona.

AMSA: Wa alaikis salam ƙanwata, gaskiya zargin naki yana kan hanya. Fitar da ciyawa ai ba wuya, a watsa iri a zuba taki a samu damina ɗaya mai kyau ko tsibin tsakuwa sai kin ga ya yi kore. Abin dubawa shine me ke ƙarƙashin koren.

Kinga masu haƙa ta sama sai sun yaye duk abin da ya rufe kwal ɗin, da farko ƙasar sama wadda ba ta da wani kauri amma ita ce mai rai, a cikinta ake samun tsutsar tana da ƙananan halittu da irin tsirrai, sannan su fasa duwatsun da ke ƙasanta. Kamfanin da ya san abin da yake yi daban yake kwashe ƙasar saman nan, in da hali ma kai tsaye tifa za ta kai ta wajen da aka riga aka cike a shimfiɗa. In kuwa aka tara ta tsibi guda ta shekara da shekaru, cikinta ba iska, toh rabin amfanin ya tafi. Wanda ya cakuɗa ta da ɓaraguzan dutse kuma wannan ba a ma maganarsa.

Matsala ta biyu ita ta fi ɗaure kai. A jikin kwal da duwatsun da ke kewaye da shi sau da yawa akwai wani dutse mai ƙyalli kamar zinare, fairait sunansa, yana binne ba ruwansa da kowa, amma da zarar an tono shi ya haɗu da iska da ruwa sai ya riƙa fitar da asid. Ki je bakin rafin da ke gangarowa daga irin wajen za ki ga ruwan ja-ja kalar tsatsa, duwatsun ciki duk sun rine, ba kifi ba kwaɗo. Shi yasa ake binne irin wannan dutse can ƙasa a rufe da yumɓu, a zuba farar ƙasa ta kashe tsamin, kuma ko an yi hakan wani wajen sai an yi gomman shekaru ana tace ruwan.

Bari in ba ki labarin Amurka dan akwai abin koyo. A 1977 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ce kafin kamfani ya fara haƙa sai ya ajiye kuɗin jingina, ba zai karɓi abinsa duka ba sai ya maida wajen kusan yadda shimfiɗarsa take a da, kuma shukar ta rayu shekara 5, in yankin mai ƙarancin ruwan sama ne shekara 10. Doka mai kyau, amma sai ga inda aka yi tuntuɓe. A tsaunukan Appalachia kamfanoni suka dinga bin ƙasar da katafila suna dannewa ta yi sumul dan kar ta zaizaye, suka watsa ciyawa mai saurin yaɗo, a ido gwanin sha'awa, amma wajen da a da daji ne in aka dasa bishiya sai ta tsumbure, saiwa ta kasa huda ƙasar ga kuma ciyawa ta shaƙe ta. Daga 2004 aka soma yaɗa wata hanyar, a juye ƙasa sako-sako kaurin kamar ƙafa 4, a rage bin ta da katafila, a sa ciyawa mara haɗama sannan a dasa bishiyoyi. Wajen kan fito da tudu da kwari ba kyan gani, amma nan bishiya ke so. Inda aka riga aka danne kuma sai an sa katafila mai ƙugiya ta tsattsaga ƙasar tukuna.

Abin da ake fara shukawa yawanci dangin wake ne, su ke jawo sinadarin naitirojin daga iska su bar wa ƙasa, daga baya 'yan asalin wajen su biyo. Noma kuma yana yiwuwa, amma ni ba zan yarda da hoton shekara biyu ba, sai na ga abin da aka girbe shekaru a jere da kuma sakamakon gwajin ruwan wajen.

TAMBAYA: Malam in an bar wajen haka nan ba zai gyara kansa ba? Ai ko kango ciyawa na cinye shi. Daga wani mai karatu.

AMSA: Ɗan'uwa wani wajen yakan yi a hankali, amma kasada ce. A watan Oktoban 1966 tsibin sharar kwal ya jiƙe da ruwa ya zaftaro kan ƙauyen Aberfan a Wales, ya danne makarantar firamare, mutum 144 suka rasu, 116 a ciki yara. Ga kuma wuta, kwal ɗin da aka bari in ya kama a ƙarƙashin ƙasa kashe shi sai an sha wuya, a Jharia ta Indiya tun 1916 yake ci, garin Centralia na Amurka kuma tun 1962, har kusan kowa ya tashi. Ko a yankin Lusatia na Jamus da suka maida manyan ramuka tafkuna mutane na zuwa iyo, ba ruwan sama aka zauna jira ba, daga koguna aka janyo ruwan, aka ƙarfafa gaɓar dan kar ta rufta, wasu tafkunan ma sai da aka yi ta zuba musu farar ƙasa daga cikin jirgin ruwa.