Jaririn da bai girma a ciki ba: ina jinin ke zuwa?

Tambaya: Likita, cikina wata bakwai. An yi mini hoto, aka ce jaririn ƙarami ne, kuma kansa ya fi tumbinsa girma. Kan ne ke da matsala?

Amsa: 'Yar'uwa, galibi kan lafiya lau yake, tumbin ne ya rame. Mabiyiya ce ke aika wa jariri abinci da iskar oksijin ta igiyar cibiya. Idan mabiyiyar ta gaza, saboda hawan jini ko zazzaɓin cizon sauro ko sikila ko shan taba, sai jikin jaririn ya fara tattalin ɗan abin da ya samu. Jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa su buɗe, jini ya karkata can da zuciya, hanta da hanji da ƙoda su samu ragowa. Hanta ta ƙanƙance, shi ya sa tumbin ya zama ɗan mitsitsi. Ƙoda ta rage fitsari, kuma fitsarin nan ne mafi yawan ruwan da jaririn ke kwance a ciki, sai ruwan ya ja baya.

Tambaya: Likita, matata ana ta maimaita mata hoton Dopla kowane mako. Me suke nema?

Amsa: Malam, gudun jini suke aunawa a wuri biyu: jijiyar igiyar cibiya da wata jijiya a tsakiyar ƙwaƙwalwa. A lafiyayyen ciki, jini na ci gaba da tafiya a jijiyar igiyar cibiya ko a tsakanin bugun zuciya da bugu. Idan ya tsaya a wannan ɗan tsakanin, ko ya juya baya, mabiyiya ta kusa ƙarewa, sai a yi maganar fito da jariri da wuri, sau da yawa tsakanin mako 30 da 34. Shawarar tana da nauyi, domin a mako 34 ƙwaƙwalwa ba ta wuce kusan kashi 65 cikin ɗari na nauyin da za ta kai a cikakken wata tara ba. Shi ya sa ake yi wa uwa allurar da ke nunar da huhun jariri, kuma kafin mako 32 a ƙara wani magani mai suna magnesiyam salfet don kare ƙwaƙwalwar jaririn. Don Allah kada ta tsallake ko mako ɗaya.

Tambaya: Tunda jinin yana karkata zuwa ƙwaƙwalwar jaririna, ke nan ta tsira?

Amsa: Ba gaba ɗaya ba, kuma ba zan ɓoye miki ba. Karkatar jinin alama ce cewa iskar ta yi ƙaranci. Yawancin yaran nan suna cim ma sa'o'insu a girma kafin shekara 2, amma wasu kan yi jinkirin magana ko wahalar mayar da hankali a makaranta. A riƙa kai shi awo, a lura da lokacin zama da tafiya da magana.

Tambaya: Idan na ƙara cin abinci, zai girma?

Amsa: Ki ci sosai, amma idan matsalar daga mabiyiya take, abinci kaɗai ba ya gyara ta. Ranar da kika ji motsinsa ya ragu, ki tafi asibiti a ranar, kada ki bari sai gari ya waye.