Shekarar mota daban, ranar ƙira daban: Amsoshin tambayoyinku kan kayan wutar tsofaffin motoci

Tambaya: Ina gyaran Ford Mustang, takardunta sun ce ƙirar 1965 ce. Na sayi altaneta (na'urar cajin batir) da regileta (mai daidaita ƙarfin cajin) na 1965, amma wayarin motar bai dace da su ba ko kaɗan. Jabu aka sayar mini?

Amsa: Malam, wataƙila kayan da ka saya lafiyarsu lau, motarka ce ba tasu ba. Kamfanonin Amurka suna fara ƙera motar "shekara mai zuwa" tun wajen Agusta, kuma sukan sauya kaya a tsakiyar shekara ba tare da sun sauya sunan ƙirar ba. Mustang ta fito a Afrilun 1964, kuma dukkansu 1965 aka yi musu rajista, amma na farkon dinamo, wato tsohuwar na'urar caji, ne a jikinsu. Sai a Agustan 1964 aka koma altaneta. Dubi fitilar caji a gaban direba: in an rubuta GEN, dinamo ce, in ALT, altaneta.

Don ka tabbatar, buɗe ƙofar direba ka karanta farantin ƙarfen da ke gefenta, wurin kwanan wata. Lamba biyu ce ta rana, sai harafin wata. Ford na ƙirga A Janairu, B Fabrairu, har zuwa H Agusta, sai ta tsallake I don kada a ɗauka 1 ce, ta sa J Satumba, har M Disamba. A nan mutane da yawa ke ɓata, su karanta J a matsayin Oktoba. Sai dai a lura: in an taɓa canja ƙofar, farantin na wata motar ne. Gwada lambarsa da wadda aka buga a jikin ƙarfen ɗakin inji tukuna.

Dinamo da altaneta ba a musayar regiletansu, kuma wayoyin da ke zuwa gare su ba iri ɗaya ba ne. Ko dai ka mayar da kayan ka nemi na dinamo, ko ka sauya wayarin cajin gaba ɗaya. Rabi da rabi shi ke ƙona kaya.

Tambaya: Na ji ana cewa harafi na goma a lambar shasi shi ne shekara. Tawa Chevrolet ce ta 1968, lambar ba ta ma kai 17 ba.

Amsa: Wannan tsari na haruffa da lambobi 17 daga 1981 ya zama dole a Amurka, kuma ko a can shekarar ƙira kawai yake nunawa, ban da wata. Taka, ɗaga bonet ka nemi ƙaramin farantin Fisher Body, masu haɗa jikin motar, a bangon da ke ƙasan gilashin gaba. Za ka ga abu kamar 10B: Oktoba, mako na biyu. Motar 1968 mai 10B a Oktoban 1967 aka haɗa jikinta. Altanetan Delco da ke zuwa da Chevrolet ma da nasa kwanan watan, kamar 7J12, wato 12 ga Satumban 1967. In ranar kaya ta riga ta mota da 'yan makonni ko watanni, alama ce na asali ne. In ta biyo baya, wani ya canja, sai ka bi lambar abin da ke jikin motar yanzu. Altanetan wannan zamani regiletansa a waje yake, kada ka ɗauko mai regileta a ciki, wanda ya zama gama-gari wajen 1973, ka jona shi haka nan.

Tambaya: Volkswagen Beetle gare ni, ban san ko ƙarfin wutarta bolt 6 ne ko 12 ba. Sabon kikin da na sa yana kurzar haƙora, ba ya juya inji.

Amsa: Ɗan'uwa, daina murza makulli kafin ka cinye haƙoran filawil, wato faifan inji da kiki ke juyawa. Ɗaga kujerar baya, lambar shasi na nan a kan ƙashin tsakiya. Daga ƙirar 1965 lamba ta uku ita ce shekara: 116 na nufin 1966, 117 kuma 1967, kuma shekarar Volkswagen daga Agusta take farawa. Waɗanda aka kai Amurka sun koma bolt 12 da ƙirar 1967, amma wasu a kasuwar Turai sun ci gaba da bolt 6 bayan haka, don haka lambar kaɗai ba ta isa ba. Karanta abin da aka buga a jikin dinamo da kwil, ba batir ba, tunda batir kowa na iya canjawa.

Kurzar da kake ji daga nan take: filawil na bolt 6 haƙoransa 109 ne, na bolt 12 kuwa 130, bushin da sandar kiki ke shiga ma girmansa daban. Injunan Beetle sun sha musaya tsakanin motoci, saboda haka cire kikin, yi wa haƙori ɗaya alama da alli, juya inji da hannu ka ƙirga.

Tambaya: MGB ɗina ta ƙona sabuwar rediyo nan take.

Amsa: Duba wane kan batir aka ɗaure a jikin mota. Tsofaffin motocin Ingila da yawa kan mai alamar + aka ɗaure musu a jiki, MGB ma sai ƙarshen 1967 ta koma mai alamar −. Rediyon zamani da altaneta ba sa jure wutar da ta zo a juye. Kayan wutar kamfanin Lucas da ke jikin irin waɗannan motoci sukan zo da wata da shekara a buge, kamar 10 67, wato Oktoban 1967. In za ka juya tsarin, wato ka ɗaure kan − a jiki, sai an musanya ƙananan wayoyin kwil biyu, a kuma sabunta maganaɗisun dinamo: cire wayoyinsa, ka taɓa waya daga kan + na batir zuwa ƙaramin wurin jona waya mai alamar F a jikin dinamon na daƙiƙa ɗaya, sannan ka mayar da wayoyin ka tayar da inji.