Zan kwashi adashi ina so in sayi abincin shekara, shin ɓoye kaya ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam dan Allah ina da tambaya. Ni matar aure ce a Kano, mu tara ne a gida har da uwar mijina. Tunda aka cire tallafin mai na daina awon kwano kwano, in kuɗi ya shigo sai in sayi buhu, da katan ɗin taliya da sabulu da omo da jarkar mangyaɗa in ajiye, kuma wallahi ina ganin sauƙi. Toh yanzu zan kwashi adashi a wannan watan na Yuli, ina so in tura ƙanina kasuwar ƙauyenmu ranar da take ci ya saya min gero da dawa duk wanda ya samu ko buhu 10 ne, tunda can yafi araha. Sai malamarmu ta islamiyya tace duk wanda ya ajiye abinci ya wuce kwana 40 Allah ya barranta da shi, kuma rashin tawakkali ne. Hankalina ya tashi Malam, ni ba siyarwa zanyi ba ci zamuyi.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ki kwantar da hankalinki 'yar'uwa, Allah ya ƙara rufin asiri. Katan ɗin taliya da sabulu da mangyaɗa da kike saya halal ne, babu mai musu, tattali ne kuma mace mai riƙe da baki tara tana da lada akansa.

Maganar kwana 40 ita zan ɗan tsaya akai dan ta yaɗu a islamiyyu kuma tana saka bayin Allah cikin waswasi ba gaira ba dalili. Hadisin akwai shi, Imamu Ahmad ya kawo shi daga Ibn Umar, amma malamin hadisi Abu Hatim yace munkari ne, wato mai rauni sosai, Ibnul Jauzi har cikin hadisan ƙarya ya saka shi, Ibn Hajar ne ya tsaya ya kare shi yace bai kai nan ba. Toh mu ƙaddara ma ya inganta, akan wa yake magana? Akan wanda ya kwashe abinci daga kasuwa ya kulle yana jiran mutane su ji jiki ya sayar da tsada. Ki duba ƙarshen hadisin da ba'a cika karanta muku ba, cewa yayi duk unguwar da wani ya wayi gari da yunwa a cikinsu to kariyar Allah ta janye daga kansu. Kinga zancen yunwar mutane ake, ba ƙirga kwanakin da buhu yayi a sito ba. Shi kansa Sa'idu bn Musayyab da ya ruwaito ingantaccen hadisin hana ɓoye kaya na cikin Muslim yana ajiye man zaitun, da aka masa magana yace Ma'amar, sahabin da shi Sa'idu ya karɓo hadisin a wajensa, shima yana ajiyewa, wato sun fahimci hanin akan abinda yake cutar da jama'a ne.

Tawakkali kuma, waye ya kai Manzon Allah (SAW)? Ga shi a Bukhari Sayyidina Umar yace Annabi (SAW) yana sayar da dabinon gonakin da ya samu daga Yahudawan Banu Nadir ya ware wa iyalinsa abincin shekara guda. Shekara fa, ba kwana 40 ba. In an kawo miki ruwayar Anas cewa baya ajiye komai dan gobe, malamai sun ce wannan dan kansa ne, wancan na iyali, kuma ke na iyali kike ajiyewa harda tsohuwa da yara. Wanda zai iya wayar gari ba ko tiya a gidansa zuciyarsa bata girgiza ba wannan matsayinsa ne shi kaɗai, bashi da ikon ɗora shi akan yaran wani balle ya mayar da shi haramci.

Amma akwai kalma biyu a tambayarki da suka sa bazan ce miki je kiyi kawai ba, "Yuli" da "kasuwar ƙauyenmu". Kin fini sanin me Yuli take nufi a ƙauye, rumbu yayi ƙasa, ɗan abinda ya rage an sayar an sayi taki an biya 'yan ƙwadago, sabon gero bai nuna ba, masu noman da kansu sun koma awo da kwano. Kasuwar da take ci sau ɗaya a sati, hatsin da ke fitowa a cikinta a wannan lokacin bashi da yawa, in ƙaninki ya shiga da kuɗi a hannu yana cewa duk wanda ya samu, kafin azahar farashin kwano ya motsa, matar da tazo da kuɗin tiya ɗaya ta koma da rabi ko ta koma hannu rabbana. Ke baki yi niyyar cutarwa ba, amma cutar ta sameta. Alƙali Iyad ya kawo daga mafi yawan malamai cewa wanda zai saya a kasuwa dan iyalinsa, in lokacin yalwa ne ya sayi na shekara ko fiye, in lokacin ƙunci ne bai halatta ba, sai dai abinda bazai takura musulmi ba kamar na kwanaki ko wata guda. Irin abinda ya faru da naman layya kenan, shekarar da mabuƙata suka shigo Madina Annabi (SAW) ya hana ajiye shi sama da kwana uku, da abin ya wuce yace ku ci ku ajiye.

Saboda haka ga abinda nake ce miki. A ƙauye yanzu kada ya wuce abinda zai kai ku wata ɗaya. In ba makawa sai kin sayi mai yawa a wannan watan, ga Dawanau a kusa da ke, buhu 10 ba'a ma san an ɗauka ba a can. Wanda yafi kuma ki riƙe kuɗin zuwa kaka, Oktoba ko Nuwamba, a lokacin ki tura ƙauyen ki sayi na shekara, manomi ma murna zaiyi dan mai saye yake nema. Kuma kada ki ɗauka dole farashi sama zai ci gaba da yi, a 2025 hatsi ya faɗi waɗanda suka saya da tsada suka ajiye sun ji a jikinsu.

Sai nasihar da baki tambaya ba. Kada ki juye kuɗin adashin kaf a buhu, akwai tsohuwa a gidan, ciwon dare ba'a kai gero asibiti, kuma ki tuna zubin da ya rage a kanki bashi ne. Ki shawarci maigida tunda ciyarwa a wuyansa take, in da kuɗinki kike yi ku fayyace tun yanzu kyauta ce ko rance, na ga aure da yawa da wannan shirun ya jawo wa rigima daga baya. Dan Allah kada a zuba Sniper ko wani maganin feshi a wake da hatsi, guba ce kuma yaranki zasu ci, ki nemi buhun nan mai leda biyu a ciki ko jarka mai rufuwa ruf. Ki dinga duba ranar lalacewar taliya da mai, abinda ya ruɓe a sito almubazzaranci ne ko da araha aka saye shi. Abincin ci babu zakka a kansa, in kuma wata rana niyya ta juya zuwa sayarwa ki dawo ki sake tambaya dan hukuncin daban ne. Sannan ki ware kwano na musamman dan maƙota tun ranar da kaya suka shigo, ba kyau sito a cike maƙociya tazo neman tiya ace babu.

Malamar ku kada ki tsayar da ita a gaban ɗalibai, alheri take nufi, ki sameta ita kaɗai da ladabi ki nuna mata hadisin Umar ɗin nan na Bukhari, yana cikin babin ciyarwa.

Wallahu a'alam.